Ceto Kyauta Ne, Bashin Taki Kuwa Sai an Biya

Kaka ta yi, an fara kai amfani gida. A yawancin ekklisiyoyinmu na ƙauye abu biyu sukan faɗo kusan lokaci ɗaya: Lahadin godiyar kaka, da ranar da ƙungiyar gama kai take karɓar bashin taki da iri da ta raba da bazara. Sau da yawa mutum ɗaya ne yake riƙe da littattafan nan biyu, gama dattijon da ya iya lissafi shi ne ma'ajin ekklisiya, shi ne kuma ma'ajin ƙungiya. Buhunan baiko da buhunan bashi a ɗaki ɗaya ake jibge su, a bayan ɗakin sujada. To, ba abin mamaki ba ne idan a zuciyar mutane ma abubuwan nan biyu suka cuɗe. Shi ya sa a wannan fitowa muka ajiye zancen rumbu da maganin ƙwari, domin mu yi magana a kan koyarwar da kowa ya haddace a ajin baftisma, amma ba kowa yake tunawa da ita ba in an zo awon hatsi. Wato ana samun ceto ta wurin bangaskiya kaɗai.

Wani zai ce, ina ruwan malamin gona da wannan, ai aikin Pasto ne. Da ruwanmu, 'yan'uwa, domin mu muke ganin abin da ruɗewar take haifarwa a gona.

Cikin yawon da muke yi ƙauye-ƙauye muna jin magana iri biyu. Idan mutum ya cika rumbu, sai a ce Allah yana tare da wane. Idan ƙuduji ya cinye dawarsa, sai a fara raɗa cewa ya kamata ya bincika kansa. Ranar godiya a waɗansu wurare akan kira suna, a faɗi yawan buhu, a yi tafi gwargwadon buhun. Gwauruwar da ta kawo mudun gyaɗa sai ta jira an watse, ta ajiye a ɓoye. Akwai waɗanda ba sa zuwa sujada sam a wannan Lahadi saboda kunya. Magana ta biyu kuwa daga bakin masu cin bashi take fitowa. In ma'aji ya je karɓa sai a ce masa, "Haba Baba, ai kayan ekklisiya ne. Ashe ba alheri kuke wa'azi ba?" Mutanen nan duka biyu kuskure ɗaya suka yi. Na fari sun ɗauki littafin ƙungiya sun kai gaban Allah. Na biyu sun ɗauko gafarar Allah suna so su share littafin ƙungiya da ita.

Bari mu fara da abin da koyarwar take faɗi. Kowane manomi ya san bambancin lada da kyauta. In ka ɗauki 'yan ƙodago suka yi maka noma, kuɗin da ka ba su da yamma hakkinsu ne, ba su da dalilin durƙusa maka. Amma in maƙwabci ya aiko maka da dami a shekarar da ba ka da komai, ba za ka ce guminka ne ba. Manzo Bulus, a Romawa sura 3 da 4, da kuma Afisawa sura 2, ya sa ceto a gefen kyauta. Dukanmu mun ci bashin da ba mu iya biya, Yesu Almasihu ya biya da mutuwarsa, ya tashi, Allah kuwa yana karɓar mai zunubi saboda shi. Bangaskiya ita ce miƙa hannu a karɓa. A lura da wannan da kyau, gama waɗansu sun mai da bangaskiya kanta wani irin aiki, kamar ƙarfin da mutum yake tarawa a ƙirji har ya tilasta wa Allah. Ƙwaryar da aka tara ba ita ta yi ruwan sama ba. Ko babba ce ko ƙarama, ruwan daga sama ya zo.

Wannan gardama ba yau aka fara ta ba, kuma tarihinta yana da amfani a gare mu, domin maganar bashi da kuɗin talakawa tana cikinsa tun daga farko. An haifi Martin Luta a ƙasar Jamus a 1483. Kakanninsa manoma ne, ubansa kuwa ya bar gona ya shiga aikin haƙar jan ƙarfe, kamar yadda iyayenmu da yawa suka bar gona suka tafi haƙar kuza a Jos. A 1505 tsawa ta kusa kashe shi a hanya. Don tsoro ya yi wa'adi, ya bar karatun shari'a, ya shiga gidan 'yan zuhudu a Erfurt. A can ya yi duk abin da aka ce yana kawo lada. Ya yi azumi, ya hana kansa barci, yakan daɗe ƙwarai yana furta zunubansa har mai sauraronsa ya gaji. Duk da haka bai sami kwanciyar rai ba, domin kullum tambaya ɗaya ce take damunsa: abin da na yi ya isa? Wanda yake biyan bashi bai san adadinsa ba, ba ranar da zai yi barci mai daɗi. Sai da ya zama malami a jami'ar Wittenberg, yana koyar da Littafi Mai Tsarki, ya daɗe yana fama da Romawa 1:17, sa'an nan ya gane cewa adalcin da Allah yake nema daga mutum, Allah ne da kansa yake bayarwa ga mai gaskatawa.

A 1517 wani mai wa'azi, Tetzel, ya zo kusa da garinsu yana sayar da takardun da aka ce suna rage horon zunubi, ga mai saye ko ga danginsa da suka mutu. Sarkin ƙasar su Luta bai yarda ya shigo ba, sai mutanen Wittenberg suka riƙa takawa zuwa garin Jüterbog suna sayowa. Ina kuɗin yake zuwa? Kashi ɗaya Roma, domin ginin babban ɗakin sujada na Bitrus. Ɗaya kashin kuwa domin biyan bashin da babban bishop Albrecht na Mainz ya ci a wurin attajiran gidan Fugger, sa'ad da yake neman wannan kujera. Ashe talaka yana tsammani yana fansar mahaifiyarsa, alhali bashin babban mutum yake biya. Ran 31 ga Oktoba 1517 Luta ya fitar da batutuwa 95 don a yi muhawara. Biyu daga ciki kamar domin ƙungiyoyinmu aka rubuta su. Na 43 ya nuna cewa ba wa matalauci, ko ba mabukaci rance, ya fi sayen takardar. Na 46 ya nuna cewa wanda ba shi da rara ya riƙe abin da iyalinsa suke bukata, kada ya ɓatar a kan takarda.

Kada wani ya ɗauki wannan ya je yana yi wa ɗan'uwansa na Katolika gori a taron ƙungiya. Tun 1567 Paparoma Pius na Biyar ya soke haɗa irin takardun nan da kuɗi. Ran 31 ga Oktoba 1999 kuma, a garin Augsburg, wakilan Katolika da na tarayyar ekklisiyoyin Luta ta duniya suka sa hannu a kan takarda guda, suna shaida tare cewa ta wurin alheri ne Allah yake karɓar mu, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba. Akwai sauran bambanci, amma ba kamar dā ba. Luta kansa ma ba tsarkakakke ba ne. Da manoman Jamus suka yi tawaye a 1525, ya rubuta magana mai zafi ƙwarai a kansu, sarakuna kuwa suka kashe dubun dubata. Mu da muke aiki da manoma ba za mu ɓoye wannan ba. Shi ma alherin nan ne kaɗai abin dogararsa. Koyarwar dai ta iso mu: masu bishara daga Danmak, na ekklisiyar Luta, sun sauka Numan a 1913, har wani ɗan ƙasarmu daga wannan ekklisiya, Akbishop Musa Panti Filibus, ya shugabanci tarayyar tasu ta duniya daga 2017 zuwa 2023. Sauran ekklisiyoyinmu na TEKAN da ECWA ma a kan wannan tushe suke tsaye.

Abin da yake ba mu tsoro shi ne, Tetzel ya dawo, a wannan karo kuwa a cikin gidanmu. Yanzu ba takarda ake sayarwa ba, ambulan ake rabawa. Ana ce wa manomi ya "shuka iri" a hannun mai wa'azi, Allah zai mayar masa ninki ɗari. Koyarwar daga Amurka ta fito, wani mai wa'azi Oral Roberts ya yaɗa ta wajen 1970, yau kuwa tana shigowa kowane ƙauye ta rediyo da wayar hannu da taron farkawa. Sun ari kalmar manoma, amma ba su ari hankalin manoma ba. Iri a ƙasa ake shuka shi. Masara tana son taki cikin makonni biyu na fari, tana son na biyu wajen mako na biyar ko na shida. In kuɗin buhun yuriya ya tafi cikin ambulan a watan Yuli, ganyen zai yi rawaya, zangarniya ta ƙanƙance, ba addu'ar da aka yi alkawari za ta maye gurbin takin. Abin da ya fi ciwo yana zuwa da kaka. Mutumin ya koma ya ce bai ga ninki ɗari ba, sai a ce masa bangaskiyarsa ce ba ta kai ba. Ya rasa hatsi, ya rasa kuma tabbacin cewa Allah yana ƙaunarsa. A Ayyukan Manzanni sura 8 wani Saminu ya fito da kuɗi zai sayi baiwar Allah, ku karanta ku ga irin amsar da Bitrus ya ba shi. Ba muna hana baiko ba ne, ko kaɗan. Ekklisiya tana bukatar baiko, mai bishara kuma yana da iyali. Amma baiko godiya ce a kan abin da aka riga aka karɓa. Ranar da ya zama jari, an koma kasuwa.

Haka kuma yawan amfanin gona ba ma'aunin ruhaniya ba ne. Ubangiji ya koya mana a Matiyu sura 5 cewa rana da ruwan sama ba sa zaɓen gonar mai kirki. Dattawanmu suna tuna farin 1973. Bai tsallake gonar Pasto ba, bai kuwa tambayi wane ne Kirista, wane ne Musulmi, wane ne mai bin gargajiya ba. Maƙwabcinka da bai taɓa shiga ɗakin sujada ba, in ya kai takin shanu da rani, ya yi shuka da ruwan fari mai kyau, ya yi noma kan lokaci, zai fi ka hatsi in kai ka yi sakaci. Ƙuduji kuma ba la'ana ba ce. Tsiro ne mai son gajiyayyar ƙasa. Guda ɗaya yana zubar da 'ya'ya dubun dubata, ƙanana kamar ƙura, suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran saiwar dawa ko masara. Maganinsa a cire shi kafin ya yi fure, a ƙara taki, a riƙa juya shuka da waken soya ko gyaɗa. Wanda ƙuduji ya kama gonarsa wannan shawara yake bukata daga gare mu. Abokan Ayuba sun zauna suna neman zunubin da ya jawo masa masifa, a ƙarshe su Allah ya tsawata wa.

Akwai wani misali da Ubangiji ya bayar a Matiyu sura 20 wanda yakan dami kowane mai ɗaukar 'yan ƙodago. Mai gona ya ɗauki waɗansu da sassafe, waɗansu da hantsi, waɗansu da tsakar rana, waɗansu har da la'asar sakaliya, da yamma kuwa ya biya kowa dinari guda. Na sassafe suka yi gunaguni, mu ma da muna wurin da mun taya su. In wani cikinmu ya yi irin wannan biya yau, gobe ba wanda zai zo masa kafin la'asar. Ai abin da misalin yake nunawa ke nan: Mulkin Allah ba a kan awon gumi yake ba. Tsohon da ya ba da gaskiya yana kan gadon mutuwa, da dattijon da ya shekara 40 yana share ɗakin sujada, ceto ɗaya suka samu. Amma Ubangiji bai ba da misalin nan domin ya zama dokar ƙungiyar gama kai ba.

To, ga mu ga masu cewa a yafe. Kuɗin ƙungiya ba daga sama ya faɗo ba. Ajiyar 'yan'uwa ce, har da ta matan zumunta da suka tara daga sayar da ƙosai da kunu. Ko da wata ƙungiyar taimako ce ta ba da jarin farko, ta bayar ne domin ya riƙa zagayawa. A ce mutum 10 sun riƙe buhu bibbiyu, bazara mai zuwa taki ya ragu da buhu 20. Wa zai rasa? Mai hali zai hau babur ya sayo a kasuwa. Wanda zai rasa shi ne wanda ba shi da wata ƙofa sai ƙungiya, sai ya koma wurin mai ba da bashin da ake biya ninki biyu da kaka. Ashe alherin da mai riƙe bashi yake roƙo, daga tukunyar marayu yake so a ɗebo masa. Zabura 37 ta kira mai ci ya ƙi biya mugu. Bulus ɗin nan da ya koyar da ceto kyauta, shi ne ya gaya wa Tasalonikawa cewa mai ƙin aiki ba shi da rabo a akushi. Yakubu kuma a sura 2 ya ce bangaskiyar da ba ta motsa hannu gawa ce. Muna da karin magana cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Ba aya ba ce, kada a neme ta a Littafi. A maganar ceto ba ta da wuri, gama matacce ba ya tashi da kansa. Amma a bakin gona, da ranar biyan bashi, tana da gaskiyarta.

Masu auren mangwaro za su gane wannan da sauri. In ka ɗaure 'ya'yan mangwaro mai daɗi a jikin ƙaya, ba ta zama mangwaro ba, kwana biyu za su ruɓe. Amma in ka aura reshe mai kyau a kan dashe, ya kama, ba sai ka roƙe shi ba, lokacinsa na yi zai ba da 'ya'ya irin na reshen. Ayyuka ba su ne suke mai da mutum na Allah ba. Wanda ya zama na Allah kuwa, ayyuka za su fito. In shekara ta bi shekara ba ko fure, mai lambu yana da dalilin tambaya ko auren ya kama. Mutumin da ya tabbata Allah ya karɓe shi ya huta da tara lada wa kansa, hannunsa biyu sun sami sarari domin maƙwabci.

Mutanen zamanin Luta sun nuna wannan a aikace. Da suka daina kashe kuɗi a kan neman lada, sai tambaya ta taso: matalauta fa? A 1523 jama'ar wani ƙaramin gari, Leisnig, suka kafa asusun gama kai, Luta ya rubuta wa dokokinsu gabatarwa. Sun zaɓi mutum 10 su lura da shi: biyu daga masu sarauta, biyu daga majalisar gari, uku daga talakawan gari, uku daga manoman ƙauye. Daga asusun ake biyan Pasto da malamin makaranta, ake kula da marayu da tsofaffi da marasa lafiya, ake sayen hatsi a ajiye domin shekarar tsada. Ana ba da rance ga mai sana'a da manomi, a sa masa lokacin biya. In an bincika aka tabbata ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kasa, sai a yafe masa saboda Allah. Masu lura sukan zauna kowace Lahadi, kowace shekara kuma su karanta lissafi a gaban jama'a. Akwatin kuɗin kuwa kwaɗo huɗu aka sa masa, makullai a hannu dabam dabam, ba mai iya buɗewa shi kaɗai. Abin bai tafi sumul ba, majalisar gari ta yi ta jan ƙafa wajen sakin dukiyar da take hannunta. Amma ku dubi kwaɗon nan huɗu. Mutanen da suka fi kowa nacewa cewa ceto kyauta ne, su ne suka ƙi barin makulli a hannun mutum ɗaya. Sun san cewa wanda aka gafarta wa har yanzu yana iya faɗuwa, ko da dattijo ne mai furfura. Saboda haka in an ce a duba littafin ma'aji, ba zargi ba ne, kāriya ce gare shi.

Iyayenmu dattawa da shugabannin ƙungiya, ku yi mana haƙuri mu kawo roƙo. Ranar godiyar kaka a bar faɗin yawan buhun kowa. A kawo baiko gaba ɗaya, a yi addu'a ɗaya a kansa, mai mudu da mai buhu 10 su tsaya a layi ɗaya. Sunayen masu bashi kuma kada a karanta su a sujada. Wurinsu taron ƙungiya ne, a ranar mako. Inda zai yiwu a raba ma'ajin ekklisiya da na ƙungiya, a raba ɗakin ajiya, in ɗakin ɗaya ne a ja layi da alli a ƙasa. Wanda yake da shi ya ƙi biya bayan an yi masa magana sau ɗaya, sau biyu, wannan ya zama maganar dattawa, gama ya cuci 'yan'uwa. Amma kada a taɓa hana mutum Jibin Ubangiji don ambaliya ta kwashe shinkafarsa. Shugaba da magatakarda da ma'aji su fara biyan nasu, a gaban kowa.

Game da waɗanda suka kasa da gaske, kada a jira Disamba, sa'ad da kowa yake cewa gonarsa ba ta yi ba. A watan Satumba, amfani yana tsaye, mutum uku su zaga gonakin masu bashi, mace ɗaya a cikinsu, su rubuta abin da suka gani. Wanda ya cancanta a ɗaga masa zuwa baɗi, a ɗaga. Wanda ya cancanta a yafe masa, a yafe, amma kada a cire daga jarin taki. A buɗe asusun taimako dabam, kowane ɗan ƙungiya ya zuba mudu biyu ko uku da kaka, daga nan a biya wa gwauruwa ko mai jinya, a rubuta a littafi cewa an biya. Kwamitin da yake so a taya shi tsara wannan asusu sai ya gaya wa malamin gona na yankinsa tun da rani, kafin a zauna rabon takin bazara.